Sojan da Ba Ya Iya Cewa A'a: Dubawa a Kan Fim Ɗin Universal Soldier: Regeneration

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, mun san cikin dattawanmu akwai wanda zai buɗe wannan shafi ya ce, "Ikon Allah! Wurin da muka saba karanta hukuncin ƙabli da ba'adi da rabon gado, yau fim ɗin Turawa aka sa?" Muna ba shi haƙuri. Abin da ya shiga wayar yaro ya riga ya shiga ɗakin uwarsa, ko mun yi magana ko mun yi shiru. Fim ɗin da muke nufi sunansa Universal Soldier: Regeneration. Tun 2009 ya fito, amma har yau bai daina yawo daga waya zuwa waya ba a Sabon Zongo da Nima da Maamobi, ana kallonsa a bes-bes ana shan ataya, har cikin ɗalibanmu na babban aji akwai masu yi wa juna laƙabi da sunan sojojin cikinsa. Malaman usulu sun koya mana cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san siffarsa. Saboda haka muka zauna muka kalle shi daga farko har ƙarshe, sau biyu.

Waɗanda suka haura arba'in za su tuna na farkon, wanda Roland Emmerich ya shirya a 1992. Zamanin gidajen bidiyo ke nan: benci, talabijin ɗaya, janareto yana ihu a baya, ga hoton fim an zana da fenti a kan buhun fulawa an rataye a ƙofa, an ba jarumin damtsen da ko a cikin fim ɗin ba shi da shi. Labarin dai na sojojin Amurka biyu ne a yaƙin Biyetnam, shekarar 1969. Sajan Andrew Scott, wato Dolph Lundgren, ya haukace yana kashe mutanen ƙauye yana yanke kunnuwansu yana ratayawa a wuya. Luc Deveraux, wato Jean-Claude Van Damme, Vandam a bakin yaran unguwa, ya ƙi bin umarninsa na harbe waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Suka kashe juna. Sai gwamnati ta ɗauki gawarwakinsu ta sa a ƙanƙara, bayan shekaru ta tashe su a matsayin sojojin da ba sa gajiya, raunin jikinsu yana warkewa nan take, ana yi musu allura a ƙeya don kada su tuna ko su wane ne. A riƙe wannan wurin da kyau: asalin Luc mutum ne da ya ce a'a, kuma a kan wannan a'a ɗin ya mutu. A 1999 an yi wani ci gaba mai suna The Return, inda kwamfuta ce ta yi tawaye. Shirme ne, ba za mu ɓata tawada a kansa ba, kuma shi kansa fim ɗin 2009 ya yi kamar bai san an taɓa yin sa ba.

John Hyams ne ya shirya na 2009, mahaifinsa Peter Hyams ya riƙe kyamara, aka ɗauke shi a ƙasar Bulgariya. 'Yan tawaye ƙarƙashin wani Kwamanda Topov sun sace 'ya'yan firaministan Yukiren biyu, namiji da mace, sun mamaye tsohuwar tashar nukiliya ta Chernobyl, wadda ta yi bindiga da gaske a ranar 26 ga Afrilu 1986 har aka kwashe mutanen garin Pripyat kaf. Sun ɗana bam, sun ba da wa'adin awa 72: ko a saki 'yan'uwansu da ke kurkuku, ko su tashi wurin. Abin da suke taƙama da shi soja ɗaya ne tak, sabon ƙira, wanda wani likita maci amana, Dakta Colin, ya sato ya ba su haya. Andrei Arlovski ne ya fito a wannan matsayi, ɗan Belarus, wanda a rayuwarsa ta gaske ya taɓa riƙe kambun masu nauyi na gasar faɗa ta UFC. Amurka ta tura dakarunta tare da tsofaffin ƙira huɗu, shi kaɗai ya gama da su ɗaya bayan ɗaya. Da abin ya faskara, sai aka tuna da Luc.

To, a nan ne fim ɗin ya ba mu mamaki, kuma adalci ya wajaba ko a kan abin da ba ma so. Mun zaci irin na da ne, jarumi ya yi duka ya yi barkwanci, ya buɗe ƙafafu a kan kujeru biyu, 'yan kallo su yi tafi. Babu wannan. Babu soyayya, babu rawa, dariya ma da wuya. Launin fim ɗin toka-toka ne kamar sararin hunturu, gine-ginen duk tsatsa da fasassun tagogi. Luc yana ƙasar Suwizalan a hannun wata likita, Dakta Fleming, tana ƙoƙarin mayar da shi mutum, tana koya masa zama da jama'a kamar yadda ake koya wa yaro tafiya. Van Damme a lokacin yana dab da hamsin, kuma ba a ɓoye tsufansa ba: idanu sun faɗa, fuska ta sauka, yana kallon mutane kamar wanda aka tasa daga barci a garin da bai sani ba. Akwai wurin da yake zaune a gidan abinci, wani bawan Allah ya doso kusa da su, sai kawai ya tashi ya yi masa dukan kawo wuƙa ba tare da mutumin ya yi komai ba. Da ya dawo hayyacinsa shi kansa bai san dalili ba. Duk wanda ya taɓa zama da wanda ya dawo daga fagen fama ba daidai ba, zai gane wannan kallon.

Aikin shekaru da likitar ta yi, cikin ɗan lokaci aka rushe shi. Sojoji suka zo suka ɗauke shi, aka ɗaure shi a gado, aka yi ta ɗura masa allurai har mutumin da ya fara tsirowa ya koma, injin ya dawo. Ba wanda ya tsaya neman yardarsa da gaske. Daga nan sai fitaccen wurin nan da yara suke maimaitawa, inda kyamara ta bi shi ba yankewa yana ratsa gini ɗaki bayan ɗaki, da bindiga, sannan da wuƙa. Ta fuskar sana'a an iya, ba mu musa ba. Amma ku lura da fuskarsa a wurin. Babu fushi, babu murna, babu tsoro. Kamar mahauci ne a mayanka da asuba, yana sauri ya gama kafin kasuwa ta ci.

Wuri mafi nauyi a wajenmu na Andrew Scott ne. Firaminista ya sallama, ya yarda zai saki fursunoni, Topov ya kashe bam, yaransa suna murna. Dakta Colin kuwa bai ga ribarsa a wannan sulhu ba, sai ya buɗe akwatin da ya ɓoye, ya fito da kwafin Scott da ya ƙera, ya sa shi ya kashe Topov. Akwai wasu tambayoyi da likitocin suke yi wa waɗannan sojoji don su gwada ko suna nan a kan biyayya, irin su ko kai mai cika lokaci ne, ko kana yawan tunani a kan rayuwa, kuma amsar da ake so a ji an riga an shirya ta. Sai Scott ya juyar da tambayoyin a kan likitan. Yana so a ba shi amsa ta gaske. Likitan ba shi da ita, bai ma taɓa zaton za a tambaye shi ba, sai umarni yake ta maimaitawa, har Scott ya matse masa kai ya kashe shi. Mun daɗe muna tunanin wannan wurin. Mutumin da ya ɗora wa kansa rigar mai halitta, ga abin da ya ƙera yana tambayarsa don me aka yi ni, ya rasa ta cewa. Ɗalibin da ya fara Ƙawa'idi ko Ishmawi a makarantar allo an riga an ba shi abin da zai fara amsa wannan tambaya da shi. Dakta da duk digirinsa ba shi da ko harafi.

Sai dai a gyara wa ɗalibai abu biyu, don mun ji ana gardama a kansu bayan darasin Magariba. Na farko, babu allura ko ƙanƙarar da take dawo da ruhi bayan ya fita. Abin da likitoci ke yi na farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya na ɗan lokaci, wannan ajalinsa ne bai yi ba. Na biyu, kwafin halitta da ake magana gaskiya ne an yi shi a kan dabba: tunkiyar nan Dolly an haife ta a Sikotilan a 1996, aka sanar da duniya a 1997, kuma a wannan shekarar Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda ta haramta yin haka ga ɗan Adam. Amma ko da an yi, abin da zai fito jariri ne sabo mai kama da na farko, kamar Hassan da Husaini, kowa da ransa, kowa da littafinsa. Ba zai fito ƙato da gemu yana tuna yaƙin da wani ya yi ba. A nan fim ɗin tatsuniya ya yi. Abin da ba tatsuniya ba shi ne yadda aka ɗauki gawa a cikinsa. Hannun sabon sojan ya lalace, aka cire aka ɗaura masa wani kamar yadda makanike a Abossey Okai yake canja wa tsohuwar trotro ƙafa. Mu kuwa an koya mana cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, kuma an hana mu yi wa gawa musla ko da ta abokin gaba ce.

Yanzu ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Da muka tambayi samari wa ya fi burge su a fim ɗin, mun zaci za su ce Luc. Mafi yawansu sabon sojan suka zaɓa, na Arlovski. Dalilinsu: ba ya magana, ba ya jin zafi, ba ya ja da baya. Wani ya ce, "Malam, shi ai ba ya wasa, an ce ya yi kawai sai ya yi."

An ce ya yi kawai sai ya yi. Subhanallah! Wannan shi ne siffar da ake yabo?

Ku dubi wannan halitta da idon fiƙihu. Taklifi, wato ɗora wa mutum nauyin shari'a, yana tsayuwa ne a kan hankali da balaga, shi ya sa aka ɗauke alƙalami daga mai barci da yaro da mahaukaci. Sojan da aka cire wa hankali da zaɓi gaba ɗaya ya fita daga sahun mukallafai, ya koma ala, wato makami, kamar adda. Adda ba ta da zunubi, gaskiya ne. Amma ba ta da lada, ba ta da suna, ba a yi mata sallama, kuma ranar da ta dakushe jefar da ita ake yi. A cikin fim ɗin ma an saka masa wani kulli a kai wanda ya hana shi taɓa mutanen Topov, don wanda ya biya kuɗi ya kwana da kwanciyar hankali. Jiya na Amurka ne, yau na 'yan tawaye, gobe na duk wanda ya riƙe igiyar. Wannan kuke sha'awar zama?

Kuma kada wani ya ruɗi kansa, ɗan Adam na gaske ba ya samun wannan mafita. Ba ka iya mayar da kanka adda don ka tsira daga hisabi. A mazhabar Imamu Malik, idan wani ya tilasta wa wani ya kashe rai, ƙisasi yana hawa kan su biyun, mai umarni da mai zartarwa, domin ranka bai fi na wanda aka ce ka kashe tsada ba. Imamu Abu Hanifa ya sa ƙisasin a kan mai tilastawa, amma shi ma bai ce kisan ya halatta ba, zunubi yana nan a wuyan wanda ya aikata. Wannan fa wanda aka sa wa takobi a wuya ke nan, ina ga wanda aka ba sidi ɗari biyu da riga mai hoton ɗan takara? Waɗanda suka kai babin hukuncin jini a Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani sun ga an bambanta mahaukaci da mashayi: mahaukaci idan ya yi kisa diyya ce a kan danginsa, wanda kuwa ya bugar da kansa da gangan ana kama shi da abin da ya yi. Hukuncin alƙali muke faɗa, ba na 'yan unguwa masu ɗaukar doka a hannu ba, a fahimce mu.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Sayyidina Aliyu, Allah Ya yarda da shi, labarin wata runduna da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya aika ya naɗa mata shugaba ya ce a yi masa ɗa'a. A hanya shugaban ya yi fushi, ya sa aka tara itace aka hura wuta, ya ce su shiga. Suka tsaya suna kallon juna, wasu suka ce ai gudun wuta ne ya kai mu ga Manzon Allah. Har wutar ta mutu, fushinsa ya huce. Da labari ya isa Madina, Annabi ya nuna cewa da sun shiga da ba su fita ba, kuma ɗa'a a cikin abin kirki kawai take. Wannan tsayawar da suka yi suna kallon juna, ita ce abin da likitocin fim ɗin suka kashe kuɗi don su cire daga ƙirjin soja. Ƙarfi da sauri ƙari ne kawai.

Mu mutanen zango wannan magana ba baƙuwa ba ce a wajenmu, don an taɓa ƙera "sojan musamman" da sunanmu. A 1863 wani Bature, John Glover, ya tara wasu Hausawa a Legas, da yawansu bayi ne da suka gudo, ya ba su bindiga da kaki. Da irinsu aka tafi yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, lokacin da Wolseley ya ƙone Kumasi, kuma suna cikin ganuwar Kumasi tare da Gwamna Hodgson a 1900 lokacin yaƙin Yaa Asantewaa. Turawa suka ƙudurta a ransu cewa Bahaushe jinsi ne na yaƙi, har ya zama duk wanda ya fito daga arewa aka sa masa kaki sai a kira shi Hausa ko da wane yare yake ji, Hausa kuma ta zama harshen bariki. Dabarar a fili take: ka ɗauko mutum daga nesa, wanda ba shi da dangi a garin da za ka tura shi, ba ya jin yaren waɗanda za su roƙe shi. Ba a buƙatar allura a ƙeya idan an raba mutum da mahaifarsa. Ba muna zagin kakanni ba ne, Allah Ya jiƙansu. Mutane ne da zamani ya matse, da yawansu sun yi sallah sun yi azumi, sun gina masallatai bayan sun ajiye kaki. Kuma ba kowa ne ya zo ta bariki ba. Fatauci na goro da shanu da neman ilimi su suka kawo mafi yawa, kamar gidan Malam Bako da ya kafa wannan Sabon Zongo namu. Amma wanda ya ƙirƙiri tsarin bai dube su a matsayin masu sallah ba. Kayan aiki ya gani.

Sai Yaƙin Duniya na Biyu, aka kwashi samarin wannan ƙasa zuwa dazukan Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Asibitin 37 da muke kai marasa lafiyarmu a 1941 aka kafa shi saboda wannan yaƙi, kuma Nima ta cika ta batse a waɗannan shekaru, har da waɗanda aka sallama daga soja. Sun dawo suka tarar alkawuran da aka yi musu na fansho da aiki sun zama iska. Ranar 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin sojoji suka yi jerin gwano za su kai wa Gwamna takardar koke a fadar Osu. A mararrabar Christiansborg 'yan sanda suka tare su ƙarƙashin wani Bature, Sufiritanda Imray. Labarin da ya shahara shi ne ya ba da umarnin harbi, ɗan sandan da aka umarta bai harbi mutanen ba, sai Baturen ya fizge bindiga ya yi harbin da hannunsa. Sajan Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey suka faɗi. Abin da ya biyo baya kowane ɗan makaranta ya sani, shekara tara bayan nan tutar Ingila ta sauka. Duk shekara ana ajiye furanni don tunawa da mutum ukun. Mu muna so ɗalibanmu su riƙa tuna ɗan sandan nan ma. Yana cikin kaki, yana cin albashin Bature, shugabansa yana tsaye a kansa, amma yatsansa ya ƙi. Da sojan Arlovski ne a wurin, da ba a ƙirga gawa uku ba.

To yau wa yake ƙera irin waɗannan sojoji a Ankara? Ba ya bukatar ɗakin bincike. Wurin ɗaga ƙarfe yake zuwa, ya duba wanda ƙirjinsa ya fi faɗi kuma aljihunsa ya fi bushewa. Lokacin zaɓe ya kira shi macoman, bayan zaɓe mai rigimar fili ya ɗauke shi gadin fili a bayan gari. Allurar kuwa tana nan a ƙwaya: tramol da aka yi ta kuka a kansa a ƙasar nan a 2018, wanda likita ke rubuta miligiram 50 ko 100, amma a lungu ake sayar da mai 225 da 250. Me masu sha suke cewa? Wai ba ka jin gajiya, ba ka jin zafi, ba ka jin tsoro. Siffofin nan uku da aka yabi sojan fim da su ke nan, ba ragi. Wannan ma tsohuwar dabara ce. Sojojin Jamus an raba musu ƙwayar Pervitin a 1940, kuma dakarunmu da suka je Laberiya da ECOMOG daga 1990 sun ga yara ƙanana da aka bugar aka ba bindiga. Kowa ya ga hotunan abin da ya faru a zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon ranar 31 ga Janairu 2019, mutane da fuska a rufe, har aka kafa kwamitin Emile Short, majalisa kuma ta yi dokar haramta ƙungiyoyin 'yan banga na siyasa a wannan shekarar. Ba mu ware wata jam'iyya ba, kuma ba mu ce 'yan zango kaɗai ake ɗauka ba. Amma mun san sau nawa aka ambaci sunan zango a irin wannan magana, kuma mun san 'ya'yan masu ba da umarnin suna jami'a a lokacin, wasu ma a ƙasar waje.

Mu koma ga fim. Laifinsa babba a wajenmu shi ne yana sayar da abin da yake zargi. Yana nuna maka cewa mayar da mutum makami ta'asa ce, amma kuɗin da ka biya na kallon makamin yana aiki ne, kuma an ƙawata aikin har yaro ya mayar da wurin baya sau goma. Shi ya sa samarinmu suka fito da sha'awar Arlovski maimakon tausayin Luc. Ba wautarsu kaɗai ba ce, kyamarar ce ta ja idonsu can. Sannan ku duba mutanen da Luc ya bi ɗaki-ɗaki yana yankawa. Shugabansu ya mutu, sulhun da suka nema an riga an amince da shi, waɗanda suka sake kunna bam ɗin ba su ba ne, Scott ne. Fim ɗin bai ba ko ɗaya daga cikinsu suna ko uwa ba, bai tsaya ya tambaya ko akwai wanda zai miƙa wuya ba. Mu da muka karanta yadda Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya tsananta wa Usama bin Zaid, wanda yake ƙauna ƙwarai, a kan mutum ɗaya da ya kashe a fagen fama bayan ya furta shahada, da wasiyyar Sayyidina Abubakar ga kwamandansa da ke cikin Muwaɗɗa, inda ya hana taɓa mata da yara da tsofaffi har da itatuwa masu 'ya'ya, ba za mu iya kallon wannan mu ce ba komai ba. Jinin da ke cikinsa ya yi yawa ƙwarai, yadda Luc ya gama da Scott da bututun ƙarfe ma ba abin da za mu siffanta a takardar masallaci ba ne. Ba na yara ba ne ko kaɗan, iyaye su duba wayoyi. Babba ma da zai bar shi bai yi asarar komai ba. Wanda ya biyo bayansa a 2012, Day of Reckoning, shi kam akwai tsiraici a fili, kada wanda ya ce Malam ya yi maganar wannan don haka wancan ma ya halatta.

Wani abin kuma, Dakta Colin ya gamu da sakamakonsa a hannun abin da ya ƙera, mai kallo ya ji sanyi. Amma manyan hafsoshi da likitocin gwamnati da suka yi wa Luc daidai abin da Colin ya yi wa nasa, ba abin da ya same su. Sun zauna a gaban allon kwamfuta daga farko har ƙarshe, rigarsu ko ƙura ba ta taɓa ba. Da farko mun ɗauki wannan a matsayin son kai irin na finafinan Amurka. Da muka sake kallon ƙarshen sai muka ga kamar da gangan mai shiryawa ya bar shi haka. Luc ya cire abin tayar da bam ya cusa a bayan sabon sojan, ya tarwatse, yaran sun tsira, shi kuma ya juya ya ruga da gudu, babu wanda ya ce masa an gode, ba shi da gidan da zai nufa. Akwai kuma wani Kyaftin Burke, mutum ne cikakke ba ƙira ba, wanda ya koma cikin tashar don ya fito da yaran, ya tsaya ya tare sabon sojan da hannunsa yana sane ba zai iya ba, don su samu su gudu. Shi ne kaɗai a fim ɗin ya zaɓi mutuwarsa da hankalinsa. Aka sa gawarsa a baƙar jaka aka ɗauke. Ba wanka, ba likkafani, ba kabari, ba a nuna mana an kai wa uwarsa labari ba. Hoton ƙarshe a Langley ne, jihar Bajiniya, inda hedikwatar hukumar leƙen asirin Amurka take: ga Burke a cikin akwatin sanyi, ga kwafinsa a jere, layi bayan layi, suna jiran a ce su yi.

Allah Shi ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.